Burkin Injiniya Sabo

Abin ya fara lalacewa ne da ƙarfe tara da kwata na safiyar wata Laraba, ko da yake babu wanda ya sani sai ranar Asabar. A daidai lokacin ne na zuƙi man burki a sirinji na ɗura wa keken Injiniya Sabo. Na san lokacin ne domin ina rubutawa. Duk keken da ya shigo hannuna sai na rataya masa ɗan kati, in rubuta ranar da ya zo, da abin da na yi masa, da sa'ar da na fara, da wadda na gama. A katin ran nan na rubuta cewa na canja man burkin gaba da na baya, na fitar da iska, na gwada, komai lafiya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Bayan kwana uku keken ya kayar da mai shi a dajin Shafa, can saman duwatsun Ɗa'if.

Sunana Ramla, 'yar Usta Idris mai gyaran keke a unguwar Sa'alaba ta Jidda. Usta laƙabi ne da ake yi wa gwanin sana'a a nan. Ku samarin da kuke taruwa a ƙofar shagon Baba bayan la'asar, kuna kallon bidiyo a waya, kuna cewa gyaran keken dutse aikin minti goma ne, ku nake yi wa wannan rubutu. Da baki ba zan iya ba. Kun san ni, da zarar mutane sun wuce uku a wuri sai muryata ta koma ciki. Shekara goma sha bakwai ke nan ina wannan aiki, ina haɗa shi da karatu, don har yanzu ɗaliba ce ni, ina karanta tarihi daga gida. Ranar jarrabawa ma da baƙin mai a ƙarƙashin farce nake zuwa.

Yawancinku ba ku taɓa ganin inda nake aiki ba. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a ƙarƙashin ta Baba take, ba ta ba ni izinin tsayawa a shago ba, shagon kuma da sunan kafili yake, ɗan ƙasar da ya tsaya wa Baba. Saboda haka warshata, wato wurin aikina, wani ɗaki ne a bayan shagon, cikin gidanmu, mai taga ɗaya da ke kallon wajen teku. Baba yana karɓar keke a gaba, ya turo mini shi ta ƙofar tsakiya. In ya fito sai a ce, "Mashallah, hannun Usta!" Shi kuwa ya ce, "Hannun 'yar Usta dai." Bai taɓa ɓoyewa ba.

Aikin da ya fara ba ni shi ne wanke boris, wato 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan da taya take juyawa a kansu. Ina da shekara goma sha huɗu. Ya zuba mini su a tire da kananzir, ya ce in ware masu lafiya daga masu tabo. Da ido ba a gane su, sai an mirgina kowace a tafin hannu da ɗan yatsa. Wata huɗu na yi ina wannan kaɗai. Ran da na yi ƙorafi, sai ya ɗauko guda daga cikin waɗanda na ce lafiyarsu ƙalau, ya sa mini a hannu, ya ce, "Ya binti, rufe idonki." Na rufe, na mirgina, na ji ramin. Ya ce, "To, saura wata biyu."

Wilin farko da na ɗinka na wani mai kai burodin tamis ne a Hindawiyya, wanda yake lodin kaya a bayan keke har ya fi kansa tsayi. Waya talatin da shida ce a wilin, kowace da ramin da za ta shiga, da wadda za ta bi ta samanta, da wadda za ta bi ta ƙasanta. Bayan an jera sai ɗauri: a ɗan juya nan, a ɗan sassauta can, ana kaɗa wilin ana riƙe da alli kusa da bakinsa. Inda allin ya taɓa, nan ne ya karkace. Kwana biyu na yi a kai. Baba ya zo ya bi wayoyin da farce ɗaya bayan ɗaya yana sauraron ƙararsu. A ta goma sha tara ya tsaya. Ya kwance duka talatin da shidan ya zube mini su a cinya. Wanda na ɗinka a karo na uku, mutumin ya hau shi shekara shida.

Baba daga Maiwurno ya zo, a Sudan, a can kuma ya koyi aiki, inda ƙusa ma in ta lanƙwashe sai an miƙe ta an sake amfani da ita. Shi ya sa har yau a shagonsa ba a zubar da abin da bai ƙare ba.

Kekunan dutse daga baya suka zo. Kun san Jidda shimfiɗe take kamar tabarma. Mutum zai tuƙa keke daga Sa'alaba har bakin teku bai ja burki da gaske ba ko sau ɗaya. Amma wasu mutane suka fara loda kekuna a bayan mota ranar Juma'a ko Asabar, su haura Ɗa'if, su shiga dajin bishiyoyin ar'ar na Shafa. A cikinsu akwai 'yan ƙasa, da Filifinawa, da Sudanawa, da 'yan Najeriya ma'aikatan kwantiragi. Tsoffin turbobin awaki da na masu zuma suka bi suka share, suka haɗa wannan da waccan, kowace suka sa mata suna: Hanyar Masu Zuma, Hanyar Birai, da wadda ta fi duka tsawo da gangara, suna ce mata Doguwa. Ran da na farko ya shigo shagonmu, Baba ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Wannan ai mota ce aka hana ta inji." Ya turo mini, don ni ce mai karanta 'yan littattafan Turancin da suke zuwa da su.

Burkin irin wannan keke ba waya yake da ita ba. Mai ne a cikin siririn tiyo. In ka ja hannun burki, man ya tura wasu 'yan takalma biyu su matse faifan ƙarfen da ke jikin taya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin yatsanka yake isa ƙasa gaba ɗaya. Iska kuwa tana matsuwa. Kumfa ɗaya kamar ƙwayar riɗi ta isa ta sa burki ya koma soso. Kayan aikin ba su da yawa: sirinji biyu, da guntun tiyo, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da sifirit, da farin tsumma. Ana tura mai daga ƙasa, ana zuƙa daga sama, ana ƙwanƙwasa tiyon da bayan sukudireba don kumfar da ta laɓe a lungu ta taso. A bidiyonku minti goma ne. A hannuna awa guda ce, don ni ba na yarda da kumfar ƙarshe sai na sake neman wata bayanta.

Man kuma iri biyu ne. Akwai mai ja-ja, wanda yawancin kekunan suke sha, akwai kuma irin na mota, mai launin zuma. In ka haɗa su, robobin ciki su kumbura, burki ya mutu. Sirinji biyu-biyu na ware wa kowanne, na ɗaura wa waɗannan jan zare, waɗancan shuɗi. A shekarun nan duka ban taɓa haɗa su ba, kuma ina alfahari da haka.

Masu kekunan ma darasi ne. Akwai wanda zai kai keke wurin wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfi, girisi ya fice tas, sannan ya zo yana cewa mun sayar masa da boris na banza. Wani saurayi ya taɓa kawo nasa yana murna. Wai faifan burkinsa yana kuka, sai ya fesa masa man keken ɗinki. Ya ce wa Baba, "Shuf, duba, ya Usta, kukan ya daina." Na leƙa faifan ta bayan ƙofa, na ce, "Baba, ka gaya masa burkin ma ya daina." Kwana guda na yi ina wanke shi da sifirit, takalman kuwa sai sababbi.

Injiniya Sabo ba irin waɗannan ba ne. Mutumin Bauchi ne, yana aiki a matatar ruwan teku, ya ba hamsin baya. Da takarda yake zuwa, ya jero abin da yake so a duba, har da yawan iskar da yake so a kowace taya. A cikin duk masu zuwa wurinmu, kekensa ne kaɗai yake shan mai irin na mota.

Ranar Asabar ɗin, bayan azahar, ina jin Baba a waya ta ƙofar tsakiya. "Innalillahi. A ina? Yana magana? To, alhamdulillahi." Kusa da ƙarshen Doguwa ne, a wata kwana. Injiniya ya wuce kwanar ya faɗa cikin duwatsu. Ya karye a kafaɗa da wuyan hannu, hular kwanonsa ta tsage biyu. Baba ya je dubiya asibiti, ya dawo da maganarsa: "Usta, na ja burki ya zo har ya taɓa hannun keke, kamar ban riƙe komai ba. Gaba da baya, duka biyun."

Ranar Litinin abokansa suka kawo keken. Baba ya ja burkin gaba, ya ci tamau. Ya ja na baya, haka. Mutum huɗu suka gwada a gaban shago, ba wanda ya iya motsa tayar.

Daga nan magana ta rabu biyu a cikin mahayan. Wasu suka ce dama mace ce take taɓa burkin mutane a bayan labule. Wasu suka ce ga burki yana ci, Injiniya ne dai girma ya fara kama shi, ya ga kwana ya ruɗe, yana neman wanda zai ɗora wa. Baba ya shigo warsha ya ce, "Halas, shi ke nan, ya binti. Burkinki lafiya lau. Tsoro ne ya kama mutumin." Sannan ya tattara sirinjina huɗu ya ce, "Amma daga yau kada ki sake taɓa burkin kowa, sai na ce." Ya kulle su a aljihun teburinsa.

Da na so, da na tsaya a kan maganarsa ta farko. Amma mutumin da yake auna iskar tayarsa da kansa ba zai ce hannun burki ya taɓa ƙarfe ba alhali bai taɓa ba. Kuma burkin gaba da na baya ba su haɗa tiyo ba. In suka mutu tare, to abin da suka haɗa shi ne hannuna da man da na zuba. Na ɗauko kwalbar man na ɗaga ta a hasken taga. Irin da ya kamata ne, garau, babu ko ɗigon datti. Na mayar da ita inda take.

Injiniya ya aiko cewa ba ya son ganin keken, sai keken ya zauna a wurina. Na rataye shi kai a ƙasa kwana uku, ko wata kumfa za ta taso, babu. Na ɗaure hannun burkin da roba ya wuni a matse, na bi tiyon da farin tsumma ina neman yoyo, babu. Na haura da shi soro ya sha ranar tsaka. Burki na ci. Na sake karanta ɗan littafinsa daga bango zuwa bango har sau uku. Duk abin da na gwada na rubuta a bayan katinsa, har ya cika na liƙa masa wani.

Wannan ce shekarar da ba mu son tunawa. Kekunan dutse suka koma wani babban shago a arewacin gari, har waɗanda suka ce laifin Injiniya ne. Na koma faci da ɗinkin wilin masu kai iskar gas. Ƙarfen da nake ɗaga keke a kai ya zauna ba aiki, har Umma ta fara shanya jallabiyar Baba a jikinsa.

A wata na biyar ne Ammu Haruna ya zo shan shayi. Tsohon abokin Baba ne, mutumin Damagaram, ya yi shekaru yana gyaran burkin manyan motocin da suke hawa Ɗa'if suna sauka. Ran nan zafi ya yi yawa a gaba, sai suka shigo warsha, inda ƙaramin rishon gas ɗin Baba yake. Ya ga keken a rataye, Baba ya ba shi labari a taƙaice.

Ammu Haruna ya ce da ni, "Ɗiyata, a farkon gangara ya mutu ko a ƙarshe?"

Na ce, "A ƙarshe, Ammu."

"Da ya huce kuma ya dawo?"

"Ya dawo."

"Bon. Ina man?"

Na nuna masa bakin taga. Babbar kwalba ce Baba ya saya a wurin 'yan kayan mota a Sharafiyya, tun lokacin da Injiniya ya fara zuwa, sama da shekara biyu. Keke ɗaya ba ya shan komai, don haka ko rabi ba ta yi ba. Ammu Haruna ya juya ta, ya sa yatsa a kan murfin.

"Wa ya huda wannan?"

Na ce, "Ni ce. Don kada in riƙa buɗewa ƙura tana shiga. Ta nan nake zira tiyon sirinji."

Ya dubi Baba ya ce, "Idi, kai ka koya mata wannan tsabtar? Ba ni cokalinka."

Baba ya ce, "Cokalin shayina?"

"Ka sayi wani, marowaci."

Ya ɗora cokalin a kan wuta har ya yi zafi, ya ɗiga man kwalbata a ciki. Nan take ya hau tartsatsi, yana tas-tas kamar an yarfa ruwa a man suya. Ya fita zuwa motarsa ya dawo da wata 'yar kwalba sabuwa, ya ɓalle hatiminta a gabanmu, ya goge cokalin, ya sake ɗorawa, ya ɗiga. Wannan ya kwanta shiru, sai ɗan hayaƙi.

Ya ce, "Irin wannan man yana shan ruwa daga iska. A garinmu, ko a garin ubanki, ki bar shi shekara a buɗe, da sauƙi. Amma nan Jidda? Rutubar nan, wato laimar iskar teku da take jiƙa miki riga kina zaune, ita ce take shiga ta hudar nan kullum. A gari ba za ki sani ba, don burki ba ya zafi. Sai an daɗe ana gangara, faifai ya yi jawur, zafin ya kai ga mai, ruwan ciki ya tafasa ya zama tururi. Tururi kuwa iska ce. Kin ja, babu komai. Da ya huce ya koma ruwa, ya ɓuya. Mota nawa na gani a hanyar Hada ta yi haka!"

Bayan sun fita na buɗe ɗan littafin. Layin yana nan: a yi amfani da mai daga rufaffiyar kwalba. Na karanta shi ya fi a ƙirga. Duk tsawon lokacin na ɗauka ƙura ake gudu.

Na ce wa Baba ya kai ni wurin Injiniya. Ya ce, "Kin san abin da za ki jawo? Yanzu rabinsu suna cewa laifinsa ne. In kika buɗe baki, dukansu za su ce naki ne."

Na ce, "Ai nawa ne, Baba."

Ya dubi kwalbar. Ya ce, "Ni na ce kada a zubar." Sai ya ɗauki makullin mota.

A Sharafiyya Injiniya yake, hawa na uku. Hannunsa ya fita daga filasta amma bai iya ɗaga shi sama ba tukuna. Na roƙi matarsa aron risho da cokali, na yi abin da Ammu Haruna ya yi, a kan teburin falonsu. Ya sa tabarau ya matso. Ya ce in sake. Na sake.

Ya ce, "Wata biyar ke nan ana ce mini tsoho matsoraci. Har 'ya'yana a waya suna cewa, Baba ka haƙura da keken nan." Ya cire tabarau. "Malama Ramla, na gode. Amma ba ni kaɗai aka faɗa wa ba. Za ki iya maimaitawa a gaban jama'a?"

Ranar Juma'a da sassafe mahayan suke haɗuwa a wani gidan mai a hanyar Makka kafin su haura. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, da Larabci. Muka koma can gefe nesa da famfunan mai, na kunna risho a bayan motar Baba. Sun kai mutum ashirin. Na karanta, wani daga baya ya ce, "Ba ma ji, ya ukhti!" Na sake karantawa daga farko. Na ce burkin ya mutu kamar yadda Injiniya ya faɗa, kuma hannuna ne ya jawo. Na ɗiga man, ya yi tartsatsi. Wani ya yi dariya ya ce yau kuma girki aka zo koya mana. Amma daga baya wani daga cikinsu ya matso ya tambayi Baba a hankali ko man da ya shekara a barandarsa shi ma haka yake.

Kada ku ɗauka washegari kekuna suka dawo. Ba su dawo ba. A hanyar gida na tambayi Baba sirinjina. Ya ce, "Burkin wa za ki taɓa da su? Ran da mai wancan keken ya ce a gyara masa, ran nan zan buɗe aljihun."

Wata shida muka ƙara. A cikinsu na canja yadda nake aiki. Na sa Baba ya toshe tagar, muka sa na'urar sanyaya ɗaki. Na ƙara layi biyu a katina: ina za a hau keken, kuma ranar da aka ɓalle hatimin man. Ga abin da bidiyo ba zai gaya muku ba: mai bidiyon bai san a wane gari kuke ba. Keken da za ku gyara a Sa'alaba ba a Sa'alaba za a gwada shi ba. Gwajin da kuke yi a ƙofar shago, ku ja burki ku ce "tamam", ni ma na yi shi, ya kuma ce mini tamam.

Wata Laraba da hantsi na ji muryar Injiniya a gaba. "Usta, ina kekena? Ko an sayar?"

Baba ya ce, "Wa zai saya, Injiniya? An ce yana kayar da tsofaffi."

"Kai dai ka ji da gwiwarka. A canja mini man burki. Ita za ta yi. Amma da sharaɗi: ranar Asabar ku biyo mu. Shekara nawa tana gyara wa Doguwa kekuna ba ta taɓa ganin ta ba?"

Na ji ƙarar makulli a aljihun tebur.

Awa uku na yi a kan aikin. Na fitar da tsohon man duka, na canja robobin ciki da takalma, na wanke faifan da sifirit. Ƙaramar kwalba na sa aka sayo, na ɓalle hatimin da hannuna, na tura mai daga ƙasa har sai da wanda yake fitowa a sama ya yi launi ɗaya da na cikin kwalba. Na ƙwanƙwasa tiyo, na jira, na sake ƙwanƙwasawa. Ragowar man na miƙa wa Baba na ce a zubar. Ya karɓa, ya sa a aljihu, ya kai wa Ammu Haruna a ranar ya zuba a mota.

Ranar Asabar muka haura. Kunnuwana suka toshe a hanya, birai suna zaune a kan shingen titi suna kallon motoci. A Shafa sanyi ne, har sai da Baba ya naɗe kansa da rawani, ga hazo yana ratsa bishiyoyi, ga ƙamshin ar'ar. Mahayan suka wuce sama, mu kuma aka nuna mana inda Doguwa take ƙarewa, kusa da rumfar wani mai zuma. Na bar Baba a nan na taka sama da ƙafa. Turbar ba ta fi faɗin tabarmar salla ba. Saiwoyi sun ratsa ta, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin takalmi, hagu dutse, dama rami. Na kai kwanar. Na tsaya na duba inda mutum zai fara jan burki, da inda zai faɗa in bai samu ba. Sannan na sauko na tsaya kusa da Baba.

Mun fi rabin awa muna jira. Sai muka ji ƙarar taya a kan tsakuwa, suka fara ɓullowa ɗaya-ɗaya. Injiniya ne na biyar. Ya shiga kwanar, ya karya ta, ya gangaro ya tsaya a gabanmu, ƙura har gira. Na tsuguna na ɗiga ruwan gorata a faifan baya, ya yi cuu, ya ƙafe nan take. Na ja hannun burkin tun yana da zafin. Yana nan tamau.

Na ce, "Injiniya, yaya burkin?"

Bai ji ba. Yana shan ruwa, yana yi wa wani Basudane tsiya wai ya ga ya sauka ya tura keke a wurin saiwoyi. Baba ya taɓa ni da gwiwar hannu ya ce, "Yalla, ɗaga murya."

Na ce, "Injiniya! Burkin fa?"

Ya juyo, ya dube ni, ya dubi hannunsa a kan keken kamar yanzu ya gan shi.

Ya ce, "Burki? Wallahi, Usta Ramla, tun daga sama har nan ban tuna da shi ba."